Ɗan Farin Kulu da Makarantar Tarabulus

"Kin ji abin da ta yi?"

"Wa?"

"Matar gidan Larabawan nan, Bafulatanar."

"Kulu? Ita da ko tarinta ba a ji, me za ta yi?"

"Ai bakin da ba ta buɗewa ne ta buɗe jiya. Baƙon da ya zo daga Tarabulus ya tambaye ta labarin ɗanta na fari, ta ce masa kansa ba ya ɗaukar komai."

"To sai me? Da so kike ta zauna ta yabi ɗan fari a gaban wan miji? Ni ma haka zan ce. Ke ma haka za ki ce."

"Ke kin sani, ni na sani. Shi Balaraben bai sani ba. Rubutawa ya yi."

"Rubutawa?"

"A takarda, da tawada. Ya naɗe, ya liƙe da ƙaro. An ce yaron ba za a sa shi makaranta a can ba, ƙanen za a sa."

"Innalillahi! Yaron da malaminsu ke bar wa yara in zai je jana'iza? Kama mini tulun nan, wuyana ya ƙage."

A bakin rijiyar da ke lungun bayan gidan aka yi wannan hirar, a Mandawari, da hantsin wata Litinin. Katanga ɗaya ce tsakanin masu maganar da Kulu, ita ma ta zaizaye daga sama tun daminar bara. Kulu tana zaune a tabarma tana kaɗi. Mazarin ya tsaya a hannunta, zaren ya tsinke, ba ta ɗaura ba. Ta jawo mayafi ta rufe fuska, alhali babu kowa a tsakar gidan sai ita da kaji.

Kulu 'yar Yero ce, na Ƙofar Na'isa. Kakanninta makiyaya ne. Ubanta ya shigo cikin ganuwa a shekarar da annoba ta share shanu, ya zama dillalin dabbobi, amma bai bar ɗabi'un ruga a bayan gari ba, da su ya shigo. Ita ce 'yar fari a wurin uwarta Adama, kuma har ta yi wayo, har ta yi aure, ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwar ba. "Ke" ce in tana kusa, "waccan" ce in tana nesa. In baƙuwa ta ce, "Kai, yarinyar nan taki akwai hankali," sai Adama ta taɓe baki ta ce, "Wannan? Ko ƙwarya ba ta iya wankewa ba." Baƙuwar ta yi dariya, Adama ta kau da kai, kowa ya gane. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi. Wadda ta kira shi ko ta yabe shi marar kunya ce, kuma a gidan Yero gara a ce maka ɓarawo da a ce maka marar kunya.

Man shanu take kaiwa Mandawari tana yarinya, a nan tsohuwa Mabruka ta gan ta. Mabruka ta ce yarinyar da za ta auna maka mai ta ƙara maka ba ka roƙa ba, kuma ba ta ɗaga ido ta ga ko ka lura, ita take so wa ɗanta. Ɗan nata Nasir Balaraben Kano ne. Kakansa ya zo da ayarin raƙuma daga Tarabulus, shi kuwa a Mandawari aka yanke masa cibi, Hausarsa ta fi Larabcinsa daɗi. Fatu yake saye da gashin jimina.

Da Kulu ta haifi ɗa namiji aka sa masa Jibrilu, ran suna ta wuni fuskarta a bango. Da aka yaye shi Mabruka ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, taku goma ne daga ƙofar Kulu. Daga ranar ya zama "yaron Inna". In tuwo ya yi, sai ta ce wa iska, "A zo a ɗauki na yaron Inna." In ya faɗi ya kurje gwiwa, sai ta ci gaba da tankaɗe, kunnenta na can, har sai ta ji Mabruka ta ɗauke shi. Bayan shekara uku ta haifi Sabo. Shi kam ta kira sunansa har unguwa ta gaji: Sabo sauko, Sabo ajiye, Sabo zan ci ƙaniyarka.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano, ayari ya mutu. Fatun da raƙumi ke yin wata da watanni da su a Sahara, yanzu jirgi ke kai su Ikko, daga can a zuba su a jirgin ruwa. Nasir ya bi kayansa ya tafi Tarabulus ya zauna a shagon baffansa, lokacin Jibrilu na da shekara bakwai. Shekara biyar ke nan. A cikinsu Mabruka ta rasu. Yaron ya ci gaba da kwana a ɗakinta, Kulu kuma ta ci gaba da ce masa yaron Inna.

Bana Nasir ya aiko a kai masa iyalinsa gaba ɗaya, bayan Babbar Sallah. Wanda ya aiko ya tafi da su shi ne Salim, ɗan wan babansa, ya girme shi da kusan shekara goma. Haifaffen Tarabulus ne, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausar da yake ji a wurin wata tsohuwa Bakana da ta yi renonsa ya koya, ta mutu yana ƙarami, ta bar masa harshe ba ta bar masa al'ada ba. Saboda haka yana magana ne kamar tsohuwa. Mutum ne dogo mai gemu har ƙirji, amma in ya yi tuntuɓe sai ka ji, "Wayyo ni 'yasu!" Tun ran da ya sauka yaran unguwa ke bin sa ko zai sake yin tuntuɓe.

Ran Lahadi da la'asar ya aika a kira masa matar gida. Ya zauna a zaure a kan buzu, ita ta durƙusa a bayan asabarin ƙofar ciki.

"Ummu Jibril," ya ce. "Sannu da gida."

Shiru.

A garinsu haka ake girmama mace, a kira ta uwar wane, da sunan ɗanta na fari. Shi girma ya ba ta. Ita kuwa ji ta yi kamar an yaye mata zane a kasuwa. Wan miji, baƙo, ya haɗa ta da sunan yaron a numfashi ɗaya, kuma yana jira ta amsa.

"Ummu Jibril? Kina nan?"

"Sannu da hutawa, Sidi," ta ce, can ƙasa. Gaisuwar ta amsa, sunan ta bar shi a ƙasa. Salim ya lura. Tun zuwansa sau uku ke nan yana kiranta haka tana yin kamar ba da ita ake ba.

Ya yi mata bayani a hankali. Turawan Italiya ne ke riƙe da Tarabulus, suna da makarantarsu, Nasir ya ce ɗansa ba zai shige ta ba. Akwai ta wani shehi a jikin masallacin da ke kusa da bakin teku, inda ake karɓar yaran da suka yi nisa a allo, a koya musu Larabci da rubutun takarda da lissafi. Kowa na son ta, wuri ya yi kaɗan. Shehin ya yi wa Nasir alkawarin gurbi ɗaya tak, amma sai an aika masa da sunan yaro kafin su iso, in ba haka ba ya ba wani. Ɗaya yaron za a kai shi gidan sana'a, ya koyi aikin fata. Akwai wani Balarabe da zai hau jirgin Alhamis zuwa Ikko, shi zai tafi da wasiƙar.

"Nasir ya ce shi ya daɗe bai gan su ba. Ya ce a tambayi uwarsu. To, babban, yaya kansa?"

Da ƙaramin ya fara tambaya, da wataƙila komai ya tafi daidai. Kulu ba ta yi tunani ba. Bakinta ne ya yi abin da aka koya masa tun tana goye.

"Wannan? Ai ba ya ɗaukar komai."

"Ba ya ɗauka?"

"Sai ci da barci."

"Wayyo ni 'yasu," in ji Salim. "To ƙaramin?"

"Sabo? Sabo ai sai dai a gode Allah. Akwai baki, akwai hannu." Ta ɗan saki jiki, don an zo inda aka yarda ta yi magana. "Ba abin da zai gani bai kwaikwaya ba."

Salim mutum ne mai adalci, bai tsaya a nan ba. Ya sa aka kira yaran ya ce kowa ya karanta masa abin da ya iya. Sabo, ɗan shekara tara, ya miƙe ya ƙwala karatu har aka ji a lungu, yana yi yana kallon wuƙar da ke ɗamarar baƙon. Jibrilu ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ga baffansa a gaba, ga uwarsa a bayan asabari, kuma ya ji abin da ta ce. Yaron da aka rena a gidan nan ba zai buɗe murya ya ƙaryata uwarsa a gaban baƙo ba. Ya motsa leɓe, abin da ya fito ko buzun bai wuce ba.

"Ɗaga murya, ɗana."

Ya ƙara sunkuyar da kai.

Salim ya shafa kan yaron da tausayi, ya ce ba komai, aikin fata ma sana'a ce mai albarka. Ya jawo takarda.

Sai da Kulu ta ji ƙarar alƙalami a kan takarda sannan ta gane. Ta buɗe baki a bayan asabarin, ta rufe. Ta koma ciki ta ɗora tukunyar da ba a buƙata.

Abin da ke cin ta shi ne babu wanda ya san yaron nan kamar ita. Shekara goma sha biyu tana kallonsa da gefen ido. Ta san duk abin da Sabo ya ƙwala a zaure, wansa ne ya biya masa a gindin rumbu, yana riƙe da kunnensa don kada ya gudu wurin dukawa. Sabo in ka neme shi ka rasa, je ka rumfar masu jima da ɗinkin fata, yana can ya tsuguna yana miƙa musu basilla. Ta san tun rasuwar Mabruka, in wasiƙar Nasir ta zo, yaron ne ke zama a ƙofar ɗakin kakarsa ya karanta da ƙarfi yana fassarawa, wai wa Sabo yake karantawa, ita kuma tana tsince shinkafa ta ba shi baya. Ta san da ta yi zazzaɓi bara, rubutun shan da aka ajiye mata a bakin ƙofa ba daga malam ya zo ba. Ta sha, ba ta tambaya ba. Kuma a can ƙasan jerenta, cikin wata ƙaramar ƙwarya da aka rufe da faifai, akwai guntayen takardun da ake naɗo kaya da su, waɗanda yaron ke kwaikwayon hannun ubansa a kai ya yar. In tana shara sai ta tsince su. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba.

Ran Litinin ɗin, bayan matan rijiya sun tafi, ta ga yaron ya fito daga ɗakin Mabruka da alƙalumansa na kara da 'yar kwalbar tawadarsa. Ya ajiye a gaban Sabo.

"Ungo. Kai za su yi wa amfani."

"Ni me zan yi da su?" in ji Sabo. "Yaya, wai da gaske a can benci ake zama tun safe har azahar? Ba a fita?"

"Haka aka ce."

"Ni wallahi gudu zan yi."

Jibrilu ya juya. Ya wuce ta gaban uwarsa zai fita, ya rusuna kamar kullum, ita ma ta kau da kai kamar kullum. Amma yau da ta kau da kan sai ta ji wuyanta ya yi nauyi.

Da azahar 'Yardada ta shigo. Maƙwabciya ce, dillaliya, ita ke sayar wa Kulu zare a kasuwa, kuma ba a taɓa samun maganar da ta fi ƙarfin bakinta ba.

"Sannu, mai ɗa sai ci da barci."

"'Yardada, don Allah."

"A'a, ai gaisuwa na zo. Unguwa duk ta ɗauka. An ce kin yi kunya har kin kunyata ɗanki."

Kulu ta fara hawaye ba sauti. 'Yardada ta ajiye tallenta ta zauna.

"To share. Ni zan je in same shi, mai gemun nan da ke magana kamar kakata."

Ta je. Kulu tana jiyo su daga tsakar gida. 'Yardada ta yi bayani, ta rantse, ta kawo misali da kanta da uwarta da uwar uwarta. Salim ya saurara har ta gama.

"Baiwar Allah, na gode. Ɗazu ma malaminsu ya tare ni a masallaci ya faɗi haka. Amma malami yana yabon ɗalibinsa, maƙwabciya tana yabon ɗan maƙwabta. Uwa fa? A duniya akwai uwar da za ta rage ɗanta in ba gaskiya ba? Ko sunansa ba ta son ji. Na kira ta da shi sau uku, ta ƙi amsawa. Ni abin da uwa ta faɗa na rubuta. In ita ta zo ta ce ba haka ba ne, sai in sake."

'Yardada ta dawo tana karkaɗe zane.

"Kin ji da kunnenki. Ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Saura kwana uku."

"Ba zan iya ba."

"To ki bari. Ya je ya yi ta jan fata da haƙori, ƙanen kuma ya yi ta tsallake katangar shehi. Kowa ya ce Kulu akwai kunya."

Talata ta wuce. Kulu ta je bakin asabarin sau biyu, ta ji Salim yana kurɓar shayi, ta dawo.

Ran Laraba da sassafe ta yafa mayafi, 'Yardada ta raka ta Ƙofar Na'isa, wai ta fara sallama da dangi. Ta sami uwarta a tsakar gida tana kaɗa nono. Adama ta tsufa, idonta ya rage, amma ta gane takun. Ba ta ɗago ba.

"An zo?"

"An zo. Ina kwana, Inna."

"Lafiya."

Da 'Yardada aka yi hirar. Aka yi maganar ruwan bana, aka yi maganar teku, wai an ce ba a ganin ƙarshensa. Labarin Mandawari ya riga su isowa, Kulu ta gani a yadda matan gidan ke satar kallonta, amma ba wanda ya tayar. Da za su tafi, Adama ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da ƙwaryar nan mai zane wadda ta zo da ita daga ruga ran aurenta, wadda ba a taɓa barin kowa ya taɓa ba. Ta miƙa wa 'Yardada.

"Ki ba waccan. Ta tsufa, ta cika mini ɗaki."

Sannan ta koma kan nononta, ta ce da ƙwaryar da ke gabanta, ba da kowa ba, "Ni da na yi nawa, a cikin mutanen da suka san abin da nake nufi na yi."

A hanya Kulu ta rungume ƙwaryar a ƙarƙashin mayafi. Shekara talatin uwarta ba ta kira sunanta ba, amma ba ta taɓa kwana da shakka ba, domin duk wanda ke kewaye da ita ya san fassarar shirun, kuma in ta manta akwai mai tuna mata. Kakar da za ta ja ta gefe, gwaggon da za ta ce, "Ke, uwarki ba ta da kamarki." Yaron Inna fa? Mabruka ta mutu. Nan da wata biyu za su sauka a garin da ba wanda ya san wannan shirun. Za a ga uwa ba ta kiran ɗanta, a ce ba ta sonsa. Za a faɗa a gabansa. Wata rana shi ma zai yarda.

"Kin yi shiru," in ji 'Yardada.

"Gobe da wane lokaci mutumin zai zo karɓar takardar?"

"An ce da hantsi."

Ran Alhamis gari ya waye da hadari. Kulu ta yi shara, ta ɗora koko, ta aiki yaran su kai wa malaminsu. Ta shiga ɗaki ta sauke jere, ta ciro ƙaramar ƙwaryar. Ta tsaya a tsakar gida da ita a hannu har 'Yardada ta leƙo ta katanga.

"Ƙafar ce ta ƙi?"

"Zo ki tsaya a bayana."

"In kin faɗi in tare?"

"Ki dai zo."

Salim yana zaure ya hura gawayi yana dafa shayi. Wasiƙar tana kan buzu a gefensa, an ɗora mata carbi. Ya ji motsi a bayan asabari.

"Wane ne?"

"Matar gida ce," in ji 'Yardada.

"Ummu Jibril?"

Kulu ta rintse ido. 

"Na'am."

Salim ya ajiye butar shayin.

"Sidi, maganar da na faɗa maka ran Lahadi, ba haka ba ne."

"Ƙarya kika yi mini?"

"Ba ƙarya ba ce. Haka muke yi. Na fari ba a yabonsa. In an tambaye ka sai ka rage shi, mai tambayar ya san abin da kake nufi. Ni ban san ba ka sani ba."

"Uwa ta zagi ɗanta saboda tana sonsa?"

"Ba zagi ba ne. Kunya ce."

"Wayyo ni 'yasu," in ji Salim a hankali. 'Yardada ta toshe baki da gefen zane.

Kulu ta tura ƙwaryar ta ƙarƙashin asabarin. Ya ɗaga faifan. Guntayen takardu ne, wasu sun yi ja da ƙasa, wasu da tabon mai, an lallashe su an jera ɗaya bisa ɗaya. Ya ɗauki na sama ya kai kusa da haske. Ya ɗauki na biyu. A na uku ya tsaya, domin wasiƙar da Nasir ya aiko bara ce, Salim da kansa yana zaune a shago Nasir ya rubuta ta, ga ta an kwafe ta kalma da kalma, da hannun da ya fi na Nasir ɗin tsabta.

"Wa ya tara waɗannan?"



"Ita ta tara," in ji 'Yardada. "A ƙasan jerenta. Ni ma yau na fara gani."

"Shi ke karanta mana wasiƙun ubansa," in ji Kulu. Tunda ta fara sai maganar ta riƙa fitowa da kanta. "Shi ya biya wa Sabo abin da ya karanta maka. Ya sauke tun bara. Malam in zai fita shi yake bar wa yara. Ran nan da ka ce ya karanta, saboda ina nan ne ya ƙi. Sabo kuwa ka kai shi wurin fatar, wallahi zai yi maka addu'a, can ransa yake. Wannan kuma tun yana rarrafe yake zane a ƙasa da tsinke. Ban taɓa ganin yaro..." Sai ta tsaya, don ta ji abin da take shirin faɗa.

"Wannan hannun wa ne?"

"Yaron Inna."

"Duka biyun jikokin Inna ne. Ummu Jibril, na yi kuskure sau ɗaya saboda na ɗauka na gane. Ba zan sake rubuta abin da na ɗauka ba. Shehi suna yake so. Faɗa mini sunan wanda zan rubuta."

Ba mugunta yake yi ba, ta sani. Ta dubi 'Yardada. 'Yardada, wadda ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ta sunkuyar da kai. A waje an fara yayyafi. Kulu ta dafe ƙasa da hannu biyu. Sunan yana bakinta shekara goma sha biyu, ta sha faɗarsa a zuci in tana addu'a, amma harshenta bai san hanyarsa ba.

"Jibrilu," ta ce.

"Ban ji ba."

"Jibrilu. Ɗana."

Salim ya ɗauke carbin, ya zaro wuƙa ya farke bakin wasiƙar, ya jefa ta a gawayi. Ya jawo sabuwar takarda ya tsoma alƙalami.

Daga inda 'Yardada take tsaye tana hango ƙofar waje ta gefen asabarin. Akwai wasu ƙafafu biyu a bakin dakali, ruwa na ɗiga a kansu, da ƙwaryar koko da aka dawo da ita wayam. Na babban yaron ne, kuma sun daɗe a wurin. Ta buɗe baki, sai ta fasa.

Kulu ba ta gani ba. Mayafinta ya rufe fuskarta gaba ɗaya, tana jin kunnuwanta kamar an kara su a wuta, tana tunanin yadda labarin zai isa rijiya kafin azahar, ya isa Ƙofar Na'isa kafin la'asar. Ta saurari ƙarar alƙalamin har ya tsaya. Ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta durƙusa.

"Sidi."

"Na'am, Ummu Jibril."

"Roƙo ɗaya. Don Allah, don Annabi, kada ka gaya masa ni na faɗa. Ka ce kai ka gano da kanka."